Na'urar feshin ruwa ta ƙi juyawa, wace iri ce ta dace da ƙaramin lambu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan lambu a tsakar gida a Ƙofar Ƙaura, Katsina, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 3. Ciyawa ce a tsakiya, sai zogale da lemun tsami a jikin katanga. Ƙasar jigawa ce, ana zuba ruwa take shanyewa, ga bazara ta kunno kai, ciyawar har ta fara ja.

Na sayi na'urar feshi mai juyawa na haɗa da tiyo, amma ko motsi ba ta yi, ruwan dalala kawai yake a gindinta. Tankinmu bai fi mita 4 daga ƙasa ba, mai gyaran famfo ya ce ƙarfin ruwan ne ya yi kaɗan. Kuma ruwan bohol ne mai ɗan yashi, yana toshe ƙofofin.

To, in sa ƙaramin injin tura ruwa, ko akwai irin da ke aiki da ruwan tanki kai tsaye? Mai fesawa zagaye ma tana damuna, tunda filin dogo ne, kada ta riƙa jiƙa katanga siminti ya lalace. Tiyo mai ɗiga zai wadatar da ciyawa kuwa?

Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min.