Wane kamshaf ya dace da Golf 4 1.8T bayan an canza tabo?

Mai_Golf4:
Salam 'yan uwa, don Allah masana inji a taimaka min da shawara. Golf 4 gare ni 1.8T, injin AGU mai ƙarfin doki 150, na cire ƙaramin tabon (turbo, mai hura wa inji ƙarin iska) da ta zo da shi K03 na ɗaura K04, na sa babbar intakula (mai sanyaya iskar da tabo ke turowa) a gaba, an kuma taɓa saitin birenbos ɗin, wato kwamfutar injin. Tana tashi ba laifi amma da allurar juyin inji (rpm) ta haura 5500 sai in ji kamar numfashinta ya ƙare. Wani abokina ya ce in nemi kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) mai digiri 270 ko sama wai shi zai buɗe ta. Kuma da ita nake zirga-zirgata kullum a cikin gari. In saya ko in haƙura?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka saya tukuna, wannan shaƙewar ba daga kamshaf take ba, tabon ne ya kai iyakarsa. K04 ai shi ma ƙarami ne, yana cika da wuri ya kuma gaji da wuri.

Digirin nan da kake ji, tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe ne. In ya yi yawa, sai lokacin da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke buɗe tare ya ƙaru, to a injin da ba tabo wannan alheri ne don hayaƙin da ke fita shi ke janyo sabuwar iska, amma a ƙaramin tabo hayaƙi cunkushewa yake a bakin tabon har matsinsa ya fi na iskar da ake turowa, sai ya riƙa komawa cikin silinda, inji ya ɗau zafi, ga man da muke sha a nan ga zafin Afrilu, kana ji fistin zai fara ƙwanƙwasa. Kuma kan AGU bawul 20 ne, biyar a kowace silinda, ƙofofin iskarsa ma manya ne, kamshaf ɗinsa na asali ya fi ƙarfin abin da K04 zai iya hurawa. Sai ka sa tabo babba sosai sannan a fara wannan maganar.

Abu_Hanif:
Wallahi gaskiya Oga ya faɗa, ni na gwada irin wannan kamshaf ɗin a tawa. Silo (juyin inji in ba a taka totur ba) ya lalace, motar na tsaye a danja tana karkarwa, in na kunna AC a gosulo sai ta nemi mutuwa. Abin da ya fi tsorata ni birki, ya yi tauri kamar na taka dutse saboda iskar da inji ke zuƙa a silo ta ragu, ita kuwa bustar birki, mai sauƙaƙa taka shi, da wannan zuƙar take aiki. Ƙarfin da take da shi kafin allura ta hau ma ya tafi, sai na kai wajen 4000 take farkawa. Wata biyu na mayar da na asali.

Mai_Golf4:
Na gode Oga. To kuɗin da na ware ina ya kamata in sa su?

Tsohon_Bakanike:
Fara da konrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf. Na 1.8T sirara ne, K04 kuma yana kawo ƙarfi lokaci ɗaya tun daga ƙasa, shi ke lanƙwasa su. Sai bututun salansa na bayan tabo a faɗaɗa shi, a duba nozul da famfon mai. Taimin bel ma in ba ka san ranar da aka sa shi ba canza shi, a injin nan in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Akwai kuma ƙaramar sarƙa a bayan kan inji da ta haɗa kamshaf biyun, in kana jin kwaram-kwaram da safe a duba tenshinarta, wato abin da ke riƙe ta a ɗame.

Abu_Hanif:
In ma ka je sayen kamshaf ɗin nan gaba ka haɗa da sifirin ɗin bawul, a auna tazarar bawul da fistin kafin a rufe, sannan a sake saita birenbos, ni nan ne na yi kuskure ban saita ba.