Don Allah ku ba ni shawara: mu uku mun samu biza, an hana ta huɗunmu

Mai tambaya (Bukoki, Yamai):
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban runtsa ba. Mu huɗu ne, tare muka tashi a Tawa, aji ɗaya tun koleji, aure da aiki suka kawo mu Yamai ɗaya bayan ɗaya. Ni ma'aikaciyar ofis ce, akwai ungozoma, akwai malamar makaranta, ta huɗun tela ce, kuma ita ce aminiyata. Lokacin da mahaifiyata ta yi wata biyu a asibiti, ita ke rufe shago ta kwana da ita, ita ke kawo kunu da asuba, ran da Allah ya karɓi abinsa ma a jikinta na faɗi. Na faɗi wannan ne don ku san ba bare ba ce.

Shekara biyu kowaccenmu tana zuba jika 50 duk wata, kuɗin a hannuna. Burinmu Tafkin Como a arewacin Italiya. Ita ce ma ta fara kawo zancen, saboda garin Como ya yi suna da siliki, tana son ta taɓa shi da hannunta. Na tsara mu sauka Milan, mu hau jirgin ƙasa na kamar awa ɗaya zuwa Varenna, mu yi kwana biyar, kullum mu shiga jirgin ruwa mu tsallaka Bellagio ko Menaggio, tafiyar da ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba. Ranar ƙarshe mu je Como mu hau tarago mai hawa dutse zuwa Brunate.

Na kama gida a Varenna kan Yuro 1,200, wajen jika 787, irin wanda ba a mayar da kuɗi. Sai amsa ta fito, an ba mu, ita an ce ba a gamsu za ta dawo ba. Yanzu ta ce a ba ta miliyan ɗaya da jika 200 ɗinta cif. Sauran biyun sun ce sai an cire rabonta na gida da kuɗin biza. Saura kwana 19. Yaya zan yi?

Hajiya mai atamfa (Babbar Kasuwa):
Ɗiyata, wa ya aike ki biyan gida kafin biza ta fito? Shekara da shekaru ina tafiya, ban taɓa yi ba. Ana kama ɗakin da ake iya sokewa, a nuna takardar, in amsa ta zo sannan a biya. Kuma tela da ba ta da takardar albashi, da kin tambaye ni tun farko da na gaya miki sai an haɗa rajistar shagonta da takardun banki na watanni. Kuɗin biza Yuro 90 ne, wajen jika 59, ko an ba ka ko an hana, ba ya dawowa. Wannan kam nata ne. Na gidan kuwa naki ne.

Mai tambaya:
Hajiya, mai sokewar ya fi tsada sosai, kuma Varenna ƙaramin gari ne, gidajen kusa da tashar jirgi saurin ƙarewa suke. Bellagio ba ta da tashar jirgin ƙasa, ga matakalan dutse, malamar tana fama da gwiwa. Don in rage mana kashe kuɗi na yi.

Wata ungozoma (Tawa):
Tambayata ɗaya, ƙanwata. Kin shawarce su kahin ki biya? Kuma tikitin jirgin sama hwa, an saya ko ba a saya ba?

Maman 'yan biyu:
Ni dai adashen ƙawaye na bar shi har abada. Mu bakwai muka yi na Umra, da kwasata ta zo sai uwar adashen ta ce mijinta ya ranta. Shekara uku yau, ko dala ban gani ba, kuma in mun haɗu wajen biki ita ke ɗauke kai. Ki ba baiwar Allah kuɗinta ki huta.

Hajiya mai atamfa:
Ku ji abin da za a yi. Ku fasa Italiya gaba ɗaya, ku huɗu ku tafi Ruwanda. Ɗan Afirka ba ya wahalar biza a can, kwana 30 ake ba shi a filin jirgin Kigali. Tafkin Kivu na nan, mota awa uku zuwa Karongi, tsaunuka kore shar, tsibirai, kwalekwale, ga ƙananan kifi da suke kira sambaza ana soyawa a bakin ruwa. Ruwa dai ruwa ne. Kada dai ku shiga ƙasar da leda, sun hana tun 2008. Gidan Varenna ku ɗauka sadaka kuka yi.

Wani malamin lise:
Hajiya, a yi hattara. Rubavu, babban garin bakin tafkin, manne yake da birnin Goma na ƙasar Kongo, inda aka gwabza yaƙi a Janairun 2025. Kuma mutum uku da suka samu biza da ƙyar su bar ta ta mutu a fasfo? Ni a ganina su tafi, su dawo kan lokaci, gobe neman ya fi musu sauƙi.

Hajiya mai atamfa:
Malam, Karongi na ce, ban ce Rubavu ba. Ka taɓa zuwa? To ni na je.

Wani dattijo (Tawa):
'Ya'yana, ga Tabalak nan kan hanyar Agadas, ruwa shimfiɗe, ga kifi, ga lambuna. Mu da muka tsufa a nan ba wanda ya taɓa kawo mana baƙo ya gani, hanya ta lalace, ba masauki na kirki, sai kuɗinmu ke tafiya ƙasar wasu. Abin na ci mini rai wallahi. Sannan mata huɗu ba muharrami, an tambayi malamai?

Mai tambaya:
Baba, ƙanen ungozomar yana karatu a Milan, shi zai tarbe mu. Hajiya, ba ruwa kawai muke so ba. Shekara biyu muna kallon hoton lambun Villa Monastero da gidaje masu launi a gindin dutse, har sunayen tashoshin jirgin ruwa mun haddace. Tanti ta Tawa, na rubuta musu a WhatsApp cewa na samu gida, kowa ta turo alamar hannu. Ita ma ta turo.

Wata ungozoma (Tawa):
"Na samu gida" daban, "zan biya kuma ba a maidowa" daban. Ba ki amsa mini zancen tikiti ba.

Wata ɗaliba:
Tanti, ta sake nema mana. Doka kwana 15 ta ce a duba takardu, ko da yake yana iya kaiwa 45. In kun ɗaga tafiyar fa?

Hajiya mai atamfa:
A sake zubar da jika 59 kan takardun da ba su canja ba? Ɗiyata, rabonta na gida Yuro 300 ne, bai kai jika 200 ba. Matar da ta kwana da uwarki a asibiti za ki tsaya lissafi da ita? Ki biya daga aljihunki, ki sayo mata siliki yadi biyar, magana ta ƙare.

Maman 'yan biyu:
Kada ta biya ita kaɗai! Su uku za su kwana a gidan, su uku su raba.

Mai tambaya:
Sauran biyun sun ce ba su ƙara ko dala, kuɗin abinci ma da ƙyar zai ishe su. In na biya ni kaɗai, kamar na amsa laifin da ban yi ba ne, ni da na yi ta zirga-zirgar takardu ba wadda ta taya ni. Ɗaga tafiya kuma ba zai yiwu ba, hutun malamar ƙarewa zai yi. Na kira ta sau huɗu yau ba ta ɗauka ba. Ɗazu ƙanwarta ta kawo mini ɗinkina da na kai tun watan jiya, ko yanka shi ba a yi ba.

Wata ungozoma (Tawa):
Ki tashi ki tai gidanta da ƙahwarki, ki bar waya.

Hajiya mai atamfa:
In za ki je, ki tafi da kuɗin a hannu. Kuma har yanzu ina nan kan Karongi.