Wai a yi wa 'yan tsaki wanka ko kar a yi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, don Allah ku raba mana gardama ni da maƙociyata. Katan biyu na ɗauko na 'yan tsakin burola, wato kajin nama, yau kwanansu biyar, sai naga kusan guda goma kashi ya bushe ya manne musu a dubura, wasu ma har ya toshe wajen. Ita tace in haɗa ruwan ɗumi da ɗan sabulu a roba in musu wanka gaba ɗaya wai haka take yi, ni kuma wlh gabana faɗuwa yake

Anti Larai: Wa alaikumussalam. Maƙociyarki tana da gaskiya, ni ma ina musu. Ƙazanta ce ke kashe tsaki ba ruwa ba, in kin wanke ki goge da tsumma ki kai su kusa da wuta shikenan

Baban Ummi mai kaji: Anti Larai da girmanki amma nan kam ban yarda ba. Tsako ɗan kwana biyar ba shi da gashi fa, wannan laushin da ke jikinsa in ya jiƙe ya gama aiki, kuma shi bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba shi yasa ma muke kunna musu wuta satin farko wajen digiri 32 zuwa 35, muna ragewa kamar digiri 3 duk sati. To ki tsoma shi a ruwa cikin hunturun nan, kafin ki gama na goma na farkon ya fara kakkarwa

Anti Larai: Shekara nawa ina yi basu mutu ba

Baban Ummi mai kaji: Allah ne ya tsare Hajiya, kuma ƙila a watan zafi kike yi

Ɗan Zariya: Ni fa a wajena ko ɗigon ruwa ba ya taɓa su. Farce nake sawa in ɓamɓare abin a wuce wurin

Maman Sadiq: Innalillahi Ɗan Zariya kar ka koya wa mutane wannan. Na taɓa yi, na fizge ya taho da gashin har da fata, wajen yayi ja sauran suka taru suna ta tsattsagarsa, kafin la'asar ya mutu. Kaza in taga ja ai ba ta bari. Maman Hanif ga yadda nake yi, ki samu auduga ko tsumma mai laushi ki tsoma a ruwan ɗumi ki danna a kan kashin kawai, ki ɗan jira ya jiƙu zai saki da kansa, ki goge ya bushe ki shafa ɗan Vaseline ki mayar da shi gindin wuta. Iya duburar kawai ban da jiki. Sannan ki lura akwai wani ɗan baƙin abu a ƙasan ciki, cibiya ce wannan kar ki taɓa ta, duburar tana can sama ƙarƙashin jela

Anti Larai: To ai wankan kenan kika yi

Maman Sadiq: Hhhh a'a Anti wannan tsarki ne ba wanka ba

Malam mai ƙwai: Kuna ta gardamar ruwa kun bar tushen abin. Me yasa kashin ya manne? Tsakin da aka ɗauko daga Ibadan ya kwana a mota, ya iso a galabaice da ƙishi, aka sa shi a ɗakin da ko zafi yayi yawa ko sanyi, dole cikinsa ya rikice. Maman Hanif ki shiga da dare ki tsaya ki kalle su. In sun dunƙule kan juna a gindin tukunyar gawayi suna ta ciyo-ciyo sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango sun buɗe baki zafi ne, in sun bazu kowa na harkarsa to daidai ne. Me kika shimfiɗa musu?

Maman Hanif: Jarida ce Malam, ina canzawa safe da yamma

Malam mai ƙwai: To ga shi nan. Jarida ba ta shan ruwa sosai, a kan kashinsu suke kwana, ga santsi yana sa ƙafar tsako ta baje. Ki je wajen masu katako ki ce dusar da ake fito da ita daga injin goge katako kike so, mai fale-fale, ban da garin nan mai laushi don suna ci kuma yana shiga musu hanci. Ko buntun shinkafa in ya bushe sosai. Kaurin ya kai kamar yatsa huɗu

Baban Ummi mai kaji: Kuma ki ɗora mazubin ruwan a kan bulo ko ɗan katako ya zo daidai bayansu, don duk jiƙewar daga nan take farawa. Inda ya jiƙe ki kwashe ki zuba sabo. Jiƙaƙƙiyar dusa ita ke kawo kashin jini in sun kai sati uku zuwa sama

Ɗan Zariya: Ni dusa ba na kwashewa sai na sayar da kajin, ƙari kawai nake

Malam mai ƙwai: In busasshiya ce ba laifi. Ka damƙi hannu guda ka matse, in ta dunƙule ta ƙi wargajewa ta jiƙe. Kuma ka durƙusa ka kai hancinka daidai kansu, in warin ya sa maka hawaye to su a ciki suke kwana. A bar musu ɗan wajen iska ta sama musamman masu kunna gawayi, kar a like ko'ina da leda

Anti Larai: Ku dai ku faɗi naku. Nawa na Maris in Allah ya kaimu sai na musu wanka in turo muku hoto

Maman Hanif: Na gode Allah ya saka. Na yi wa bakwai da auduga yanzu, ɗaya ina gama gogewa ya sako min kashi a zani. Dusar kuma nawa ake sayar da buhu yanzu?