Naman kazan da ba ya fita sai a gindin itace, wai me ya haɗa shi da zamanin ƙanƙara?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a, ina da tambaya amma kar ku yi min dariya. Shekara biyu kenan ina noman naman kaza a bayan gida, farin nan mai faɗi da ake cusa garin katako a leda a zuba iri, daga Sokoban, unguwar 'yan katako nan Kumasi, nake ɗauko garin katakon kuma alhamdulillahi matan kasuwar Kejetia na saye. To daminar da ta wuce kawuna ya zo daga arewa da wani iri kalar gwaiduwar ƙwai, ya ce a gindin doka da kawo kawai suke tsinta, daɗinshi a miya kam ba a magana. Na ce shikenan kasuwa ta buɗe, na yayyanka na cusa a leda goma sha biyu, wata biyu ina yayyafa ruwa safe da yamma ko tsiro ɗaya ban gani ba, sai wari da ƙudaje, har uwargida ta ce ko ni ko ledojin. Yarona da ke sakandare ya ce wai irin wannan sai da itace mai rai, kuma wai sanyin da aka yi dubban shekaru baya ne ya rarraba su. Na farkon na ɗan gane, na biyun ne ban ga haɗin ba.

'Yar Tech:
Wa alaikumus salam Baba, sannu da asarar leda. Yaronka ya yi gaskiya. Naka na leda mataccen itace yake ci, shi ya sa garin katako ya ishe shi. Na kawunka kuwa abin da ake tsinta ɗan 'ya'yanshi ne kawai, ainihin jikinshi zare-zare ne a ƙasa da suka naɗe saiwar doka, itacen na ba shi sukari shi kuma yana jawo ma itacen ruwa da sinadaran ƙasa. Ka raba su ya mutu.

To tunda ba ya rayuwa sai da itacen, duk inda itace ya gudu dole ya bi. Wajen shekara 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, teku ya sauka kusan mita 120, itatuwan oak suka ƙare a arewa sai ɗan abin da ya fake a Sifen da Italiya da yankin Balkan. Akwai wani baƙin naman kaza mai tsadar gaske da ke girma cikin ƙasa a saiwar oak a Faransa, tirafil suke ce mishi, da aka duba DNA ɗinshi, wato ƙwayoyin halittar da ake gado, sai aka ga na wurare da yawa kusan kamarsu ɗaya, bambancin kaɗan ne, don 'yan tsirarun da suka tsira ne suka sake bin oak suka hau arewa da duniya ta yi ɗumi.

Kuma ba sai mun je Turai ba. Tafkin Bosomtwe nan kusa da mu, lakar da ke ƙasanshi ta adana garin furen tsirrai hawa-hawa, kuma ta nuna a wancan zamanin ciyawa ce ta fi yawa a nan, wannan kurmin Asante daga baya ya dawo. Mu ƙanƙara ba ta zo mana ba, fari da sanyi ne suka zo.

Alhaji na Asawase:
Allah ya yi miki albarka 'yata, amma bari in faɗa mishi da yarenmu na zango. Kai Ɗan Aboabo, kakanninmu fataken goro da suka taso daga Kano da Katsina suka bi ta Salaga, ai ba duk gari ne ya taso ba, gida kaɗan ne. Shi ya sa a tsohon zango in ka bi asali sai ka tarar gida biyar shida ne suka haifi rabin unguwa, kowa ɗan uwan kowa, amma je ka cikin birnin Kano ka ƙirga zuri'a ka gani ko za ka gama. Inda aka zauna tun fil azal nan iri ke da yawa, inda aka je daga baya iri kaɗan ne. In na fahimce ta daidai abin da ya samu wannan tirafil ɗin kenan.

Af, kuma yana da ɗan uwa a sahara, Larabawa na ce mishi kam'a, har a hadisi ya zo cewa yana daga cikin mannu kuma ruwanshi maganin ido ne. Na ci shi a Saudiyya, kaman dankali yake a ido amma a baki nama.

Nima Boy:
Ni fa duk wannan lissafin shekara dubu ashirin ɗin ban cika yarda ba, wa ya gani? Abu ɗaya dai da na sani, in ka taso daga Kumasi a mota daji kore shar har ka gangaro, kana dosar Accra sai fili da ciyawa kaman ka koma arewa alhali ga teku nan. Kullum abin na ba ni mamaki.

'Yar Tech:
Yaya ai ka kawo hujjar da kanka lol. Wannan filin sunanshi gibin Dahomey, daga wajen Accra ya ratsa Togo har Benin, ya raba kurmin yamma namu na Gana da Kodebuwa da Laberiya da wanda ya fara daga Najeriya ya tafi Kamaru da Kongo. Akwai lokacin da ruwan sama ya yi yawa kurmi ya rufe shi, ya sake buɗewa wajen shekara 4,000 da suka wuce da aka koma fari. Itatuwan da aka raba gefe biyu kowanne ya ci gaba da haihuwa a cikin danginshi, a hankali DNA ya bambanta ko da a ido iri ɗaya ne, to abin da ke manne a saiwarsu ina zai je? Batun wa ya gani kuma, laka ake haƙowa a auna shekarunta, ba labarin kaka ba ne.

Baba wani abu kuma, don Allah kar a dinga tsintar kowane iri a gindin itace ana ci, dangin Amanita suma haka suke rayuwa da saiwa kuma akwai mai lalata hanta a cikinsu.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai, Alhaji misalin zangon nan ne ya shigar min da shi. Kenan in ina son na kawu sai dai in shuka doka a bayan gida in jira jikoki. Na kira shi ɗazu na ce in damina ta faɗi ya busar min ya aiko a motar Tamale, ledojin kuma na zubar tun kafin uwargida ta cika alƙawarinta.