Fim ɗin farfaganda zai iya zama hujjar tarihi?

Ɗan_Aji_Uku:
Salamu alaikum. Ina yawan ganin gutsattsarin fim ɗin Nazi, Triumph des Willens, a shirye-shiryen tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, ana saka su tamkar rahoto. Fim irin wannan dokumentari ne ko farfaganda? Ta ina ake rabewa?

Mai_Tace_Fim:
Wa alaikumus salam. Taron da fim ɗin ya nuna dai an yi shi, na jam'iyyar Nazi a Nuremberg, Satumban 1934. Amma Hitler ne ya ba darakta Leni Riefenstahl aikin. An zuba kyamarori wajen 30, an shimfiɗa musu layin tafiya, har lif aka ɗaura a jikin sandar tuta don ɗauka daga sama. Hoton awa 60 da 'yan kai aka tace ya dawo ƙasa da awa biyu, kuma ba a bi jerin kwanakin taron ba. Albert Speer, mai zana wa Hitler gine-gine, ya rubuta cewa wasu jawaban ma a sutudiyo aka sake ɗaukarsu a Berlin. Hujja ce, amma ta yadda Nazi ke son a gan su.

Malam_Na_Taska:
Ɗan'uwa, sunan dokumentari ba ya raba gardamar. Prelude to War na Frank Capra, sojan Amurka ne suka sa aka yi don zaburar da kurata, ya kuma ci Oscar a rukunin dokumentari a 1943. Capra ya yi ta ɗibar hotunan abokan gaba, har da na Riefenstahl, yana ɗora musu wata murya, ma'anar ta juye. Daybreak in Udi, da gwamnatin Ingila ta ɗauka a gabashin Najeriya, labari aka tsara aka yi wasa, shi ma ya ci kyautar a 1950. Majigin da motocin En'e suka riƙa yawo da shi nan Arewa, dangin wannan ne.

Hajiya_Kyamara:
Ɗalibi, ga abin da za ka yi. Kashe sautin ka kalla, sai ka ga nawa ne hoto ya faɗa, nawa ne mai sharhi da kiɗa suka cusa. Sannan tambayi inda mai kyamara ya tsaya. A fim ɗin yaƙin Somme na 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wurin da sojoji ke fita daga rami, ramin ba zurfi, kyamara na fili ba kariya: a bayan fagen daga aka shirya shi, alhali yawancin fim ɗin na gaske ne. Don haka fage-fage ake hukunci, ba fim ɗungurungum ba.

Sai ka nemi takardun da ke wajen fim ɗin. Na Theresienstadt, sansanin da Nazi suka tsare Yahudawa, 1944, ya nuna Yahudawa na ƙwallo da shayar da lambu. Fursunoni ne aka tilasta, kuma daraktan, Kurt Gerron, an kashe shi a sansanin Nazi na Auschwitz a Oktoban shekarar, kafin a gama tacewa.

Ɗan_Aji_Uku:
Na gode, Hajiya. Zan fara da na Somme, ba sauti.