Masu shan maganin hawan jini, me ya sauya a jikinku bayan kun fara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ɗora ni a kan lisinopril nake fama da busasshen tari, babu majina, sai ƙaiƙayin maƙogwaro, da dare ya fi tsanani. Zuma da citta na sha, maganin tarin kemis ma na sha, shiru. Jinin dai ya sauka, alhamdulillahi. Don Allah duk mai shan irin waɗannan magunguna ya faɗa mana abin da ya gani.

Direban Haya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni nawa fitsari ne. Moduretic aka ba ni. Ga mota cike da fasinja a hanyar Kaduna, kowane ƙauye sai na nemi dalilin tsayawa. Da na koma, likita ya ce ai aikinsa ke nan: ƙoda yake sa wa ta zubar da gishiri, ruwa ya bi gishirin. Yanzu da asuba nake sha, kafin lodi ya cika abin ya lafa.

Ɗalibar Harhaɗa Magunguna:
Anti Maman Biyu, kakata ma ta yi wannan tarin, har aka kai ta gwajin tarin fuka. Akwai wani sinadari a jiki, ya fi yawa a jijiyoyin huhu, shi ke ƙera angiotensin, abin da ke matse jijiyoyin jini. Lisinopril na daƙile shi, sai jijiyoyin su saki, jini ya sauka. To amma shi dai wannan sinadarin ne kuma ke wargaza wani da ake kira bradykinin. Da aka ɗaure shi, sai bradykinin ya taru yana sosa hanyar numfashi. Shi ya sa maganin tari ba zai yi miki komai ba. Kakata losartan aka mayar da ita, shi ba ya taɓa sinadarin, toshe wurin da angiotensin ke sauka kawai yake yi. Tarin bai tafi nan take ba, sai da aka yi makonni.

Abin mamaki, kakan dangin su lisinopril, wato captopril, daga binciken dafin wani maciji na Brazil ya samo asali, kuma a 1981 aka amince da shi a Amurka.

Amma Anti kada ki daina da kanki, ki koma wurin likita. In kuwa kika ga leɓe ko harshe ya kumbura, asibiti a take, wannan ya fi samun baƙar fata. Mai juna biyu kuma ba ta shan lisinopril ko losartan.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ni amlodipine ce ta kumbura mini ƙafafu. Da safe lafiya lau, kafin magariba takalmi ya ƙi shiga. Yara suka tada hankali wai ƙoda ce. Aka yi gwaji, ƙoda ƙalau, zuciya ƙalau. Likitan ya ce maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini ne, jini ya shigo da ƙarfi, ruwa ya tsattsafo cikin nama, mai yawan zama ko tsayuwa kuma a idon sawu zai tarar masa. Ya rage mini daga miligiram 10 zuwa 5, ya haɗa da wani. Kumburin ya ragu sosai.

Ɗalibar Harhaɗa Magunguna:
Amin Baba. Ba banza likitocinmu ke son amlodipine ba. Binciken CREOLE na 2019, wanda likita Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril (ɗan'uwan lisinopril) da maganin sa fitsari.

Uwargida:
Mu abin da ya same mu ya fi ban tsoro. Maigida na da asma. Jininsa ya hau wata rana, maƙwabci ya miƙo masa propranolol wai shi yake sha. Cikin dare ƙirji ya kama, numfashi sai fito. A asibiti aka ce maganin na rage bugun zuciya ne, amma irin mashigar da yake toshewa a zuciya akwai 'yar uwarta a huhu, ita ke buɗe hanyar iska. Ni fa tun daga nan ko farasitamol wani ya miƙo masa sai na karanta kwali.

Telan Mata:
Ni magani nake sha kullum amma awo ya ƙi sauka, har nas ta fara zargin tsallake nake yi. Ashe diclofenac ɗin da nake sha don ciwon baya ne. Yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, wato yana warware abin da maganin ke ɗinkawa.

Direban Haya:
Subhanallahi. Malam Tela, mu a tasha kusan kullum sai an sha shi saboda ciwon jiki. Har da ibuprofen?

Telan Mata:
Har da shi, dangi ɗaya ne. Ni farasitamol aka mayar da ni, aka ce in riƙa tashi daga kan keke ina miƙe baya.