Wata bakwai ina aiki, wai wasan yara ne

Mai magana: Jama'a, raina a ɓace yake. Wata bakwai ina haɗa ƙaramin garin masana'antu a kan allon katako a zaurenmu, siffar Bompai ta da, unguwar masana'antu ta Kano, har da taragon cikin gari a kan layin dogo. Dalar gyaɗar ma da ƙwayar wake na jera ta, ɗaya bayan ɗaya da gam. Ma'aunin 1:87 na bi, wato komai na rage girmansa sau 87, faɗin layin milimita 16.5, taragon yana shan wuta daga siririyar waya a sama. Jiya ya zagaya karon farko bai goce ba. Yayana ya leƙo, ya ce wasan yara ne.

Ɗan Kakuri: Sannu da ƙoƙari, malam. Amma in ana batun garin masana'antu, Kaduna ake nufi. Masaƙarmu ta Kakuri tun 1957 aka buɗe ta. Ku saye da sayarwa kuka iya.

Ɗan Fagge: To Sharaɗa da Chalawa gonaki ne? Fatar da ake jima a Chalawa har Turai take zuwa.

Ɗan Kakuri: Kirarin jiharku fa? Cibiyar kasuwanci. Ba ni na raɗa muku ba.

Tsohon ma'aikacin reluwe: 'Ya'yana, ku saurara. Kano ba ta taɓa yin taragon cikin gari ba. Legas ce ta yi, daga 1902 zuwa 1933, kuma na tururi ne. Mu jirgin ƙasa ne ya iso mana a 1911, shi ya kwashi gyaɗar nan.

'Yar Ƙofar Mata: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai a gaya wa na Kakuri, ana rini a karofinmu tun babu garin Kaduna.

Ɗan Kakuri: Hajiya, rini sana'a ce, ba masana'anta ba.

'Yar Ƙofar Mata: Daga ina kalmar masana'anta ta fito in ba daga sana'a ba? Kuma masaƙar taku yau tana aiki?

Ɗan Fagge: Ka ba ta amsa mana!

Ɗan Kakuri: Kai ba da kai nake ba. Tun muhawarar ƙwallo kake neman faɗa da ni.

Mai magana: Don Allah, wa ya san inda zan samu waya mai laushi a Sabon Gari? Tawa tana tsinkewa a kwana.

Ɗan Fagge: Ƙwallon ma ai ni na kayar da kai.

Admin: Na rufe nan. Abin da na fahimta, Kano garin masana'antu ce tun fil azal, Hajiya ta kawo hujja, baƙonmu na Kakuri bai amsa ba. Mai tarago, turo mana hoton dalar waken nan mu gani.